Kakar ƙwallo mai zuwa: Wa zai iya ja da Hilal a Sudan?

Duk wanda ya taɓa zama a majalisar masu shayi da ke bakin kasuwar Mai Wurno bayan sallar la'asar, ko ya leƙa gidan kallon ƙwallo a ƙauyukanmu da ke gefen Shuɗin Nilu, tun daga kudancin Wad Madani har zuwa Sinja da Damazin da Rusairis, ya san cewa bayan farashin dawa da maganar ruwan hawasha, babu zancen da ke ɗaga murya kamar zancen Hilal da Marikh. Sau da yawa a gida ɗaya za ka tarar uba na goyon bayan mai shuɗiyar riga, ɗa kuma na bin mai ja da rawaya. Yaro zai durƙusa ya gaida kawunsa, ya miƙa masa kofin jabana, sannan ya ce: "Kawu, a yi haƙuri, amma bana kofin namu ne." Kawun ya yi dariya ya ce: "Kai yaro, ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare."

A shekarun baya wannan gardama ba ta da wani nauyi, abin rage dare ce kawai. Amma tun daga ranar 15 ga Afrilun 2023 da yaƙi ya ɓarke tsakanin sojojin ƙasa da dakarun kai ɗaukin gaggawa, tambayar wace ƙungiya za ta ci gasa ta koma ta biyu. Ta farko ita ce: a ina za a buga, kuma wa ya rage da 'yan wasan da zai buga da su? A kan haka ne muka ga ya dace mu zauna mu auna ƙungiyoyin ɗaya bayan ɗaya, mu faɗa wa mai karatu inda muke ganin kofin zai dosa a kaka mai zuwa, da kuma dalilin da ya sa amsar ta shafe mu, mu mazauna Jazira da Sinnar da Shuɗin Nilu.

Abin da tarihi ya nuna

Kafin a yi hasashe, ya kamata a waiwayi baya. Tun da aka fara gasar ƙasa a shekarun 1960, ƙungiyoyi uku ne kacal suka taɓa ƙwace kofin daga hannun manyan biyun nan na Omdurman. Maurada ta ci a 1968, Burri ta ci a 1969, sai Hilal ta Bur Sudan a 1992. Daga cikin ukun, ta Bur Sudan ce kaɗai ba ta yankin babban birni ba. Wato fiye da shekara 30 ke nan kofin bai kwana a wani gida ba in ba na Hilal ko na Marikh ba.

A fagen Afirka ma haka abin yake. Marikh ce ta kawo wa ƙasar nan kofin nahiya a 1989, lokacin da ta doke Bendel United ta Najeriya a wasan ƙarshe na gasar masu riƙe da kofin ƙasa, sannan ta kai wasan ƙarshe na Kofin Konfedareshan a 2007, inda Sfaxien ta Tunusiya ta rinjaye ta. Ita kuwa Hilal, wadda aka kafa a 1930, sau biyu tana kai wa wasan ƙarshe na gasar zakarun Afirka, a 1987 da 1992, Ahli ta Masar da Widad ta Maroko suna hana ta. A 2015 dukansu biyu sun kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar zakarun.

To amma bai kamata a ɗauka cewa yankinmu ɗan kallo ne a wannan tarihi ba. A 1970, shekarar da Sudan ta ci Kofin Afirka bayan ta doke Gana da ci 1 da nema a Hartum, filin wasa na Wad Madani ne ya karɓi baƙuncin rukuni guda na gasar. A 2011 ma, da ƙasar ta shirya gasar 'yan wasan da ke buga wa ƙungiyoyin gida, an sake yin wasanni a Madani. Ittihad ta Madani ta ɗauki Kofin Sudan a 1990, Ahli ta Madani kuma har kirari ake yi mata da Sayyidul Atyam, wato uban ƙungiyoyi. Dattawanmu da dama sun hau lori daga ƙauye don su je su ga waɗannan wasanni da idonsu.

Shekarun gudun hijira

Idan mai karatu bai manta ba, yaƙin ya tsayar da kakar 2022/23 tana tsaka. Filayen Hilal da Marikh da ke Omdurman suka zama ba su shiguwa. A watan Disambar 2023 Wad Madani ta faɗa hannun dakarun kai ɗaukin gaggawa, Sinja ta bi baya a ƙarshen Yunin 2024. Sojoji sun karɓe Sinja a Nuwambar 2024, suka shiga Madani ranar 11 ga Janairun 2025, sannan Hartum a Maris na wannan shekarar. A tsawon wannan lokaci 'yan wasa sun watse kamar yadda sauran jama'a suka watse. Da yawa sun tafi Libiya neman abinci, wasu sun ajiye takalmi sun kama wata sana'a.

Manyan biyun kuwa suka ɗauki sandar tafiya. Hilal ta yi zaman Darussalam a Tanzaniya, daga nan ita da Marikh suka shiga gasar ƙasar Muritaniya a kakar 2024/25, abin da ba a saba gani ba a duniyar ƙwallo. Hilal ce ta gama a saman tebur a can, ta kuma kai zagayen ƙungiyoyi takwas a gasar zakarun Afirka tana karɓar baƙi a Nuwakshot, kafin Ahli ta Masar ta fitar da ita. A kakar 2025/26 sai suka koma Kigali suka shiga gasar Ruwanda.

Mu Hausawan Sudan ba sai an fassara mana ma'anar irin wannan tafiya ba. Kakannin wasunmu sun baro ƙasar Sakkwato ne bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya rasu, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da jama'a gabas har suka sauka a bakin wannan kogi. Wasu kuma hanyar hajji ce ta kawo su, aikin madatsar Sinnar da aka gama a 1925 da noman audugar Jazira suka riƙe su. A Yuli da Oktoban 2022 rikicin Shuɗin Nilu ya ci ɗaruruwan rayuka, ya kori dubban 'yan uwanmu daga gidajensu tun kafin babban yaƙin ya zo. Mun san cewa wanda ke zaune a gidan aro yana iya ci ya sha, amma hankalinsa na gida. Haka ƙungiyoyin nan suke.

A Yulin 2025 ne hukumar ƙwallon ƙasa ta tara ƙungiyoyi takwas a Atbara da Damar, a Jihar Kogin Nilu, don a fitar da zakara da wakilan ƙasa a gasannin Afirka. Ƙungiyoyin su ne Hilal, Marikh, Ahli ta Madani, Zamala ta Umm Ruwaba, Amal ta Atbara, Mirgani ta Kassala, Hayyul Wadi ta Niyala, da Marikh ta Ubayyid. A wasan ƙarshe Hilal ta lallasa Marikh da ci 4 da nema ta ɗauki kofin. Ahli ta Madani da Zamala suka samu tikitin Kofin Konfedareshan. A kan wannan ma'auni za mu ɗora hasashenmu.

Hilal: na gaba ya yi gaba

Ba sai an yi dogon turanci ba, Hilal ce kan gaba. Dalili na farko shi ne ba ta taɓa daina wasa ba. Lokacin da sauran ƙungiyoyi ke neman inda 'yan wasansu suka shiga, ita tana buga wasa mako-mako, tana karawa da manyan Afirka. Ƙafar da ke taka leda kowane mako ba ɗaya take da wadda ta yi shekara tana hutun dole ba, ko da kuwa baiwarsu ɗaya.

Dalili na biyu kuɗi ne. Hilal na iya biyan albashi da kuɗin waje, ta sayo 'yan wasa daga Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, ta ɗauko koci mai suna. Florent Ibenge ɗan Kwango ya jagorance ta daga 2022 zuwa 2025, da ya tafi sai ta ɗauko Laurentiu Reghecampf ɗan Romaniya. Dalili na uku shi ne 'yan wasanta, irin su Muhammad Abdurrahman da ake kira Garbal, su ne ƙashin bayan ƙungiyar ƙasa da Kwesi Appiah ɗan Gana ya gina. Wannan ƙungiya ce ta doke Gana da ci 2 da nema a Bengazi a Oktoban 2024, ta samu gurbin Kofin Afirka duk da kashin ci 4 da Nijar ta ba ta, ta zura wa Najeriya ƙwallo 4 a Zanzibar a Agustan 2025 a gasar 'yan wasan gida, sannan ta kai zagaye na biyu a Maroko kafin Senegal ta fitar da ita da ci 3 da 1 a Janairun 2026.

Raunin Hilal ɗaya ne da muke gani, shi ne gajiya. 'Yan wasan da ke buga gasar wata ƙasa, da gasar Afirka, da wasannin ƙungiyar ƙasa, sannan a kira su gasar gida, jikinsu ba ƙarfe ba ne. Ga kuma nesa da iyali na shekaru. Idan jadawali ya cunkushe, a nan ne za a iya samun kafa.

Marikh: zuciya na nan, gida ne bai daidaita ba

Magoya bayan Marikh a ƙauyukanmu ba za su ji daɗin wannan ba, amma gaskiya ɗaya ce. Ci 4 na Atbara bai faɗo daga sama ba. Shekaru da dama ƙungiyar ta yi tana fama da rigimar shugabanci da yawan sauya koci, kuma duk wanda ya taɓa noma ya san cewa gonar da kowace damina sai an sauya mata manomi ba ta cika rumbu. A kakar 2024/25, lokacin da Hilal ke cikin takwas na ƙarshe a Afirka, Marikh ba ta kai matakin rukuni ba.

Duk da haka, kuskure ne a cire ta daga lissafi. Ita ma ba ta daina wasa ba, ta yi Muritaniya ta yi Ruwanda. Tana da tarihin ɗauko 'yan wasa masu kyau, kamar yadda ta yi a ƙarshen shekarun 2000 da Stephen Worgu daga Enyimba, da Kelechi Osunwa, da marigayi Endurance Idahor wanda ya faɗi a fili ya rasu a Maris na 2010 yana sanye da jar rigar. Ta ci gasar ƙasa a jere a ƙarshen shekarun 2010. Bugu da ƙari, wasan hamayya tsakaninta da Hilal ba ya bin lissafin takarda. Idan ta riƙe koci ɗaya tun daga farkon kaka har ƙarshe, ta kuma gyara bayanta, ita kaɗai ce ke da yawan 'yan wasan da za su bi Hilal ƙafa da ƙafa har makon ƙarshe.

Ahli ta Madani: tamu ta gida

A nan ne zuciyarmu take, kuma dole mu yi hattara kada son rai ya rufe mana ido. Abin da Ahli ta yi a 2025 ba ƙarami ba ne. Ƙungiyar da garinta ya yi sama da shekara ɗaya a hannun mayaƙa, watanni shida kacal bayan an karɓe shi ta fito ta samu gurbin wakiltar ƙasa a Afirka. Gaskiya ne ba ta yi nisa ba, domin Etoile du Sahel ta Tunusiya ta tsayar da ita tun a zagayen share fage. Amma Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta.

Matsalar Ahli ita ce matsalar duk wata ƙungiyar lardi a ƙasar nan. Da zarar yaro ya yi fice kaka ɗaya, sai Omdurman ta miƙo hannu, yanzu kuma ga Libiya da ƙasashen Larabawa. Ba ta da kuɗin hana shi tafiya, kuma babu mai zargin yaron da ke ɗauke da nauyin iyaye da ƙanne idan ya bi inda albashi yake. Ƙarfinta kuwa shi ne jama'arta. Jazira na daga cikin jihohin da suka fi yawan mutane a Sudan, kuma idan filin Madani ya cika, babu baƙon da ke shigarsa da sakin jiki. A ganinmu, matsayi na uku nata ne idan ta riƙe rabin 'yan wasan da suka kai ta Afirka.

Masu jiran kafa

Zamala ta Umm Ruwaba ita ce baƙuwar da ba a zata ba a 2025, kuma karen bana shi ke maganin zomon bana. Sai dai ita da Marikh ta Ubayyid da Hilal ta Ubayyid, wadda ta kai zagayen takwas na Kofin Konfedareshan a 2017, duk 'yan Kurdufan ne, yankin da yaƙi ya koma da ƙarfi bayan Hartum. Ƙungiyoyin Darfur irin su Hayyul Wadi da Marikh ta Fashir kuwa sun fi kowa ɗanɗana rashin gida. Ba rashin gwaninta ne zai hana su ba, rashin wurin atisaye da hanyar tafiya ne.

Waɗanda muke ganin ya kamata a sa wa ido su ne na arewa da gabas, inda garuruwa ba su faɗa hannun mayaƙa ba: Amal ta Atbara, Mirgani ta Kassala, Hayyul Arab da Hilal ta Bur Sudan, da kuma Ahli ta Shandi, wadda ta kai matakin rukuni a Afirka a 2012 ta kuma ci Kofin Sudan a 2017. Waɗannan suna da filayensu da 'yan kallonsu. Ba ma tsammanin ɗayansu zai ɗauki kofi, amma su ne za su ƙwace makin da zai raba gardama tsakanin manyan.

Tsarin gasa shi ne alƙali

Akwai abin da masu gardama a majalisa ba su cika kulawa da shi ba, alhali shi ne zai fi yin tasiri, wato yadda za a tsara gasar. Idan aka tara ƙungiyoyi takwas a gari ɗaya ko biyu kamar yadda aka yi a 2025, kowace wasa bakwai kawai za ta buga. A irin wannan, tuntuɓe ɗaya ya isa ya kada babba, kuma ƙaramar ƙungiya mai mai tsaron gida nagari na iya kai wa ƙarshe tana cikin lissafi. Amma ba ta da gida, ba ta da kuɗin ƙofa, kuma mutanen garinta a waya ko a rediyo za su ji labari.

Idan kuwa aka yi doguwar gasa ta gida da waje, yawan 'yan wasa da zurfin aljihu ne za su yi magana, wato Hilal. Sai dai a nan ne ƙungiyoyin lardi ke rayuwa. Ranar da Hilal ko Marikh ta zo Madani, mai bas ya samu, mai shayi ta samu, mai sayar da gyaɗa ya samu, ƙungiya ta samu kuɗin da za ta biya albashin wata. Saboda haka, ko da gajeriyar gasa ta fi ba Ahli damar ba da mamaki, mu doguwar muke fata, domin ita ce ke gina ƙungiya.

A wasu ƙasashe an warware matsalar ta wata hanya. A Ailan, alal misali, akwai wani nau'in ƙwallo na gargajiya da ake bugawa da hannu da ƙafa, inda lardi ke karawa da lardi, ba a biyan 'yan wasa albashi, kuma a al'ada kowa lardinsu yake buga wa. Shi ya sa ko da Dublin ta ci kofin sau shida a jere daga 2015 zuwa 2020, Armagh ta zo ta ci a 2024, Kerry ta karɓa a 2025. Ba za mu iya kwafo wannan ba, domin yaranmu abinci suke nema da ƙafarsu. Amma darasin a fili yake: garin da ke riƙe 'ya'yansa, ko ya samu lada idan sun tafi, shi ke ja da manya.

Abin da ya rage gare mu

Duk ɗan wasan da ya yi suna a ƙasar nan daga dafuri ya fara, wato ƙwallon unguwa da ake bugawa ba takalmi, wani lokaci ma da ƙwallon da aka ɗinka da tsohuwar safa. Daga nan sai gasar azumi, sai ƙungiyar matasa ta gari, sai ƙananan rukunai na Sinnar ko Sinja ko Damazin, sai Madani, sai Omdurman. Wannan tsani ne yaƙi ya karya. Yaron da yake da shekara 14 a 2023 ya rasa shekarun da ake koyon ƙwallo a cikinsu, kamar yadda ya rasa shekarun makaranta.

Gyaran tsanin ba aikin Hilal ko Marikh ba ne, namu ne. Share fili a bayan gari, sayen raga da ƙwallo biyu, da roƙon malamin makaranta ya riƙe usur, ba su fi ƙarfin 'yan kasuwarmu da masu hawasha da 'yan uwanmu da ke aiki a Saudiyya ba. Haka kuma ya kamata iyaye su tabbatar yaransu na da takardar haihuwa da lambar ɗan ƙasa, domin mun sha ganin yaro mai baiwa ya tsaya a ƙofar rajista saboda rashin takarda, abin da ya daɗe yana ci wa jama'armu tuwo a ƙwarya. Bayan abin da ya faru a 2022, fili ɗaya da ɗan Hausa da ɗan Barta da ɗan Funj za su sa riga iri ɗaya ya fi taron sulhu goma amfani.

Hasashenmu dai shi ne: Hilal ta ɗaya, Marikh ta biyu, Ahli ta Madani ta uku, sannan Amal ta Atbara da Zamala su yi kokawar gurbi na huɗu. Idan gasar gajeriya ce, muna ba Marikh da Ahli dama fiye da yadda takarda ta nuna. Masu karatu su ajiye wannan shafi, idan kaka ta ƙare mun yi kuskure, a zo a same mu a majalisa, kuɗin shayin ranar a wuyanmu. Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya maido da kowa gidansa, amin.